Hannunta ya mutu ya dawo har sau biyu: wa ya taɓa jin ciwon moyamoya?

Ummu Rayyan, Makka:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. 'Yata mai shekara 7 sikila ce, tun tana wata takwas muka sani. Ciwon ƙashi da kwanan asibiti duk mun saba da su. Wata biyu da suka wuce ta yi rigima da yayanta a kan waya, ta sha kuka, sai kawai hannunta na dama ya saki kamar tsumma. Kafin in gama salati in jawo abaya, hannun ya dawo, ta ci gaba da wasanta. Bayan kwana goma tana hura shayi mai zafi, kofin ya suɓuce, hannun ya sake mutuwa, harshenta ya yi nauyi. Wannan ma ya wuce. Hajiyar maigidana ta ce iska ce, aka yi ruƙya, aka yi hayaƙi. Na ukun ne bai wuce ba. Da asuba na tashe ta, na ga baki ya karkace, tana jan ƙafa.

Kwananmu tara a mustashfa, wato asibiti. Sun canza mata jini, sun yi hoton ranin (MRI) na kai, likita ya ce jalɗa ce, wato shanyewar ɓarin jiki, kuma manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sun tsuke, wai sunan abin moyamoya. Yanzu sun ce ƙarin jini duk wata, kuma wataƙila a yi mata aiki a kai. Babanta ya rantse ba mai fasa kan 'yarsa. Ni kuwa na rasa tudun dafawa. Ashe yaro ma yana samun shanyewar ɓarin jiki?

Goggon Hindawiya:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu ɗiyata. Allah ya tashi kafaɗunta, ya sa kaffara ne.

Abu Nawwaf, Jidda:
Allah ya ba ta lafiya. Ni dai ina bayan maigidanki. Shekara 22 ina tuƙi a garin nan, waɗanda na kai mustashfa ba su ƙirguwa, ban taɓa jin wani moya-moya ba. Kowace shekara sai sun fito da sabon suna, kowane suna kuma da kuɗinsa. Jalɗa ciwon tsofaffi ne masu hawan jini da sukari. A yi mata ƙaho a ƙeya a ɗebe mataccen jinin, a haɗa da zuma da habbatus sauda da zamzam, khalas.

Sista Inna, Jidda:
Yaya Abu Nawwaf, don girman Allah kada a kusanto da ƙaho jikin yarinyar nan. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Jinin da bai isa ba shi za a ɗebe?

Tunda kai direba ne bari in yi maka da yarenka. Ka ɗora yatsa a gefen wuyanka, za ka ji jijiya tana bugawa. Guda biyu ne, dama da hagu, su ne manyan titunan da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta gaba. Inda suka shiga ƙoƙon kai suka fara rabuwa, nan matsalar take. Jinin mai sikila ba shi da kauri, saboda haka gudu yake yi fiye da ƙa'ida don ya isar da abin da ƙwaƙwalwa ke nema, ga kuma ƙwayoyin da suka lanƙwashe kamar lauje suna mannewa suna ƙarzar bangon jijiyar ta ciki. Shekara da shekaru bangon yana yin kauri, hanya tana ƙara matsewa. Ka san yadda ake yi lokacin Hajji in an rufe babban titi, motoci su dunguma lungunan unguwa? Haka ƙwaƙwalwa ke yi, sai ta tsiro da wasu 'yan siraran jijiyoyi barkatai don jini ya samu ya ratsa. A hoton jijiyoyi, tarin sirarun nan kamar hayaƙi ya tashi yake bayyana. Likitoci biyu na Japan, Suzuki da Takaku, su suka raɗa masa suna a 1969, kuma moyamoya a harshensu abin da ya yi dishi-dishi kamar hayaƙi ke nan. Ka ga sunan ya girmi lasisinka.

Ummu Rayyan, abin da kika gani sau biyun farko ba ƙaramin abu ba ne, gargaɗi ne. In yaro ya yi kuka mai tsanani ko yana hura abinci mai zafi, numfashi yake fitarwa da sauri, iskar kabon da ke jininsa ta ragu, jijiyoyin kai kuma su ƙara tsukewa. Ga mai lafiya ba komai. Ga wanda hanyarsa ta riga ta matse, ɗan abin da ke wucewa sai ya yanke na ɗan lokaci, hannu ya saki, in numfashi ya daidaita ya dawo. To Hajiya ta yi gaskiya, iska ce, sai dai ba irin wadda take nufi ba.

Ummu Rayyan, Makka:
Wallahi Sista jikina ya yi sanyi. Shayin nan kullum nake tunaninsa, na kasa gane me ya haɗa shayi da hannu. Da na sani tun ranar farko da na kai ta.

Ɗan Maiwurno, Jizan:
'Yar uwa, kada ki ɗora wa kanki. Abin da ya zo ya wuce cikin minti kaɗan, wa zai ce jalɗa ce in ba a taɓa faɗa masa ba? Ni a bankin jini na yi aiki a Madani ta Sudan kafin yaƙin 2023 ya watsa mu. Can manjaliyya muke ce wa sikila, kuma ba mu Hausawa kaɗai ba, 'yan ƙabilar Misiriyya na Kurdufan ma tana cinsu ƙwarai. Abu Nawwaf, batun tsofaffi ka ajiye shi: in ba a yi rigakafi ba, kusan 11 cikin 100 na masu SS suna samun jalɗa kafin su cika shekara 20, kuma ƙananan yara irin shekarun 'yar nan su suka fi shiga haɗari.

Abin da ke ci mini rai shi ne ana iya hango shi tun bai zo ba. Akwai awo da ake kira TCD. Ba allura, ba yanka, ba a sa yaro barci. Wata 'yar na'ura ce ake dangwala wa a gefen kai, gaban kunne, ta auna gudun jini a jijiyoyin ciki. In hanya ta matse gudu yakan ƙaru, kamar ka danne bakin tiyo da yatsa. In ya kai santimita 200 a sakan ɗaya ko ya wuce, yaron yana bakin rami. A Amurka an gwada a kan yara 130 masu irin wannan gudun, aka fitar da sakamakon a 1998. Cikin waɗanda ba a yi wa ƙarin jini a kai a kai ba, 11 suka samu jalɗa. Cikin waɗanda ake yi wa, ɗaya tak. Dole aka tsayar da gwajin tun lokacinsa bai cika ba, don ba adalci a ci gaba da barin rabin yaran haka. Tun daga nan ƙa'idar ita ce duk yaro mai SS a yi masa awon nan kowace shekara daga shekara 2 zuwa 16. An taɓa yi wa 'yarki?

Ummu Rayyan, Makka:
Yau na fara jin sunansa. Shekara bakwai muna zuwa ganin likita, ana ba mu folik asid ana cewa ta sha ruwa, ba wanda ya taɓa ambata shi. Kuma ƙaninta mai shekara 3 shi ma SS ne.

Ɗan Maiwurno, Jizan:
To ki ajiye komai, gobe ki nema masa. Ki ce a rubuta miki takarda zuwa inda ake yi, ki ambaci sunan awon da bakinki.

Malam na Misfala:
Ina so in sa baki a kan batun ruƙya, don kada a fita daga nan da cewa Hajiya ta yi laifi da ta yi wa jikarta addu'a. Ruƙya da ayoyin Allah halas ce, kuma ba ta hana ɗaukar yaro a kai shi asibiti. Ana iya tofa masa a cikin mota ana tafiya. Ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar mata da magani. Inda muke kuskure shi ne mu yanke hukunci cewa aljani ne tun ba a duba ba, mu zauna muna jiran ya fita. Ni an sha kawo mini yara, in na ga baki ya karkace ko ɓari ɗaya ya saki, nakan ce ku kira motar asibiti a 997 tukuna, karatu ya biyo baya. Wasu har fushi suke yi da ni.

Abu Nawwaf, Jidda:
Na ji Malam. Amma jini duk wata har yaushe? Jikin yarinya ya zama tankin mota? Kuma ba kowa ke da ta'amin, inshorar lafiya, ba, wasu ma iƙamarsu, takardar izinin zama, ta mutu. Ku masu asibiti kuna magana kamar kowa ɗan ƙasa ne.

Maman Haidar, Madina:
Nan kam Abu Nawwaf ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni ɗan yayata a Kano an yi masa awon nan na kai, gudun ya yi yawa, amma ba jini aka ɗora shi a kai ba, ƙwaya ce yake sha kullum, haidiroksiyuriya. Shekara huɗu ke nan lafiyarsa ƙalau. Me zai hana a ba 'yar Ummu Rayyan ita a huta?

Ɗan Maiwurno, Jizan:
Hajiya, abin da aka yi wa ɗan yayarki daidai ne, kuma abin alfahari ne, don a Kanon aka tabbatar da shi. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun gwada ƙwayar a kan yara 220 masu gudun jini mai haɗari, sakamakon ya fito a 2022, aka ga ko ƙaramin awo na maganin yana kare yara daga jalɗar farko. Ƙwayar tana sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri ke zuwa da shi, wanda ba ya lanƙwashewa. Shi ya sa ma 'yan Ƙaɗif da Ahsa na gabashin Saudiyya sikilarsu ta fi sauƙi a ƙuruciya, don su da wannan jinin jarirai mai yawa aka halicce su. Nan Jizan kuwa irin tamu ce sak, mai zafin.

Amma ki lura, ɗan yayarki bai taɓa faɗuwa ba. Wannan yarinya ta riga ta samu jalɗa, kuma hoto ya nuna jijiyoyin sun tsuke. Gyaran katangar da ta tsage daban, wadda ta riga ta zube daban. Irinta in aka bar ta ba kariya, jalɗar komowa take yi ga mafi yawansu, sau da yawa cikin shekara biyu zuwa uku. Shi ya sa inda ake da jini mai tsabta, shi ake sa wa gaba, a riƙe jinin sikila a jikinta ƙasa da kashi 30 cikin 100. Inda jini ya gagara, kamar yadda yaƙi ya mai da garuruwanmu, ƙwayar ta fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Jinin ma yana da nasa nauyin, ban ɓoye muku ba. Kowace leda da ƙarfe take shigowa, ya taru a hanta da zuciya, sai an haɗa da maganin fitar da shi ana aunawa. Canjin jini da inji, a cire nata a sa wani, ya fi rage wannan taruwar.

Maganar iƙama da kuɗi kuwa, Abu Nawwaf, gaskiyarka ce, ba ni da amsarta. Abin da na sani shi ne jinyar yaron da ya shanye ta fi tsada.

Alhaji Baba, Jarwal:
Jikana ne ke rubuta mini. Ni abin dariya, ku ana ƙara muku jini, ni ɗebe mini ake yi. Shekara biyar da suka wuce ina alwala hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Ba ni da hawan jini, ba ni da sukari, ban taɓa shan taba ba. Kafin nan na daɗe da ciwon kai, idona jawur, in na yi wanka jikina ya yi ta ƙaiƙayi kamar an zuba mini ƙaiƙayin gero, ina ta canza sabulu. Ashe ɓargona ne ke yin jini fiye da kima, ya yi kauri kamar kunun tsamiya da ya kwana. Likita ya ce ciwon ba shi da yawa a mutane. Yanzu in awon kaurin ya haura 45 sai su cika leda su zubar, ina shan asfirin ƙarami, kuma wannan ƙwaya mai dogon suna da Maman Haidar ta faɗa, ni ma ita nake sha.

Abu Nawwaf, Jidda:
Allahu Akbar! Kun ji ko? Ɗebe jini! Ba ƙahon ke nan ba da kuka taso mini?

Alhaji Baba, Jarwal:
Kai yaro, ni na fi ka son ƙaho, tun kafin a haife ka wanzami ke tsaga mini baya. Na yi shi a shekarun da nake ciwon kan, bai hana hannuna mutuwa ba. Wancan daga jijiya suke ja, kusan rabin lita, da awo kafin da bayan. Kuma ciwona da na yarinyar nan hannun riga ne.

Sista Inna, Jidda:
Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ciwon Baba sunansa polisaitimiya, yawanci wani canji ne a ƙwayar halitta da ake kira JAK2. Yana da ɗan'uwa inda ƙwayoyin daskarar da jini ne ke yin yawa. Su biyun suna kawo jalɗa ta hanyar gudan jini, kuma jefi-jefi akan samu mai irinsu da jijiyoyinsa suka tsuke irin na moyamoya. Haka masu talasimiya. A Japan da Koriya kuwa yawancin masu moyamoya jininsu lafiya lau, gado ne ta wata hanyar. Abin da nake so 'yan gidan nan su riƙe: in jalɗa ta sami yaro, ko babban da ba shi da hawan jini da sukari, a tambayi likita me awon jini ya nuna, kada a karɓi magani a tafi kawai.

Abu Sultan, Ɗa'if:
Ni dai gaskiya ɗaya ce, da an yi gwaji kafin aure da duk ba a zo nan ba. Tun 2004 hukuma ta wajabta gwajin sikila da talasimiya a ƙasar nan. Mu ne muke ɗaura aure a falo tsakanin ɗan wa da 'yar ƙani, ba mai tambaya. Yara biyu SS a gida ɗaya, haba.

Bint Sabil:
Baffa, da girmanka, amma wannan ba wurinta ba ne. Ni SS ce, shekarata 26, kuma duk ranar da na kwanta ciwo sai wani ya zo gaban gadona ya gaya wa mahaifiyata abin da ya kamata ta yi kafin a haife ni. Matar nan tambaya ta yi a kan 'yar da ke gabanta. AS da AS kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne, ba layi ake bi ba, wani gidan ba ko ɗaya, wani gidan uku. Ka buɗe zance daban a kan gwajin aure, ni zan fara goya maka baya.

Mai kula da zaure:
Abu Sultan, a bar wannan a nan. A koma kan tambayar aikin kai, ita ce ba a amsa ba.

Sista Inna, Jidda:
Ummu Rayyan, ki gaya wa Abu Rayyan ba ƙwaƙwalwar ake yankawa ba. Akwai jijiyar da ke bugawa a gaban kunne, wadda ke ciyar da fatar kai. Ita likita ke 'yantowa, ya buɗe ƙaramar taga a ƙashi, ya kwantar da ita a saman ƙwaƙwalwa. Cikin watanni sai ta yi saiwa, ta tsiro da sababbin jijiyoyi zuwa inda ke jin ƙishi. A manya akan ɗinke ta kai tsaye da wata jijiyar ciki, a yara kwantarwar aka fi yi don nasu sirara ne. Ba zan ce miki ba haɗari ba. Ana iya samun jalɗa a lokacin aikin ko kwanakin bayansa, shi ya sa ake shirya jininta tukuna, a hana ta bushewa, a hana ta kuka mai yawa bayan ta farka. Kuma aikin ba ya warkar da sikila, ba lallai ya ɗauke ƙarin jini ba. Ba kowane mai moyamoya ake yi wa ba.

Ku tafi tare da shi, ya tambaya da bakinsa: ɓari ɗaya ne ko biyu, me suke tsoro in an tsaya a jini kaɗai, yara masu sikila nawa likitan ya yi wa irinsa. Ku tambayi batun dashen ɓargo ma, ana yi a Asibitin Sarki Faisal na Riyad, in yayanta ya dace da ita. Namiji in an bar shi a waje ana kawo masa labari, a'a ce kawai ke fita bakinsa.

Kafin nan, gorar ruwa kada ta rabu da ita, zazzaɓi ko gudawa kada a kwana da su a gida, kada a kai ta Harami da tsakar rana cikin turmutsutsu. Ki riƙa fifita mata abinci da kanki. Ki kuma sa ido a karatunta, don akwai jalɗar da ba ta karkata baki, sai dai yaro ya fara mantuwa a ce ya zama daƙiƙi.

Ummu Rayyan, Makka:
Na karanta masa duka jiya da dare. Bai ce e ba, amma ya ce zai bi mu ranar Lahadi, kuma shi da kansa ya ce a nema wa ƙaninta awon TCD ɗin. Hajiya ma ta ji bayanin shayin, ta yi shiru. Sun ce mu kawo masu ba da jini, rukuninta O ne. Babanta da baffanninta sun ce za su bayar.

Ɗan Maiwurno, Jizan:
A'a, dakata. Babanta aƙalla AS ne, jininsa ba shi ake so a sa mata ba. Kuma in akwai tunanin dashen ɓargo, gara a kauce wa jinin dangi na kusa. Masu AA ake nema, kuma namu sun fi. Bayan O da A da B akwai wasu ƙananan alamomi a jikin ƙwayar jini, namu na baƙar fata sun fi kama da juna, in ana sa mata wanda bai dace ba jikinta yakan fara yaƙarsa, samun jini ya zama aiki. 'Yan Makka da Jidda masu O kuma AA, ku ɗaga hannu.

Bint Sabil:
Ni ba dama, amma mijina O ne, AA. Na rubuta shi, zai ji labari in ya dawo aiki.

Goggon Hindawiya:
'Ya'yana maza uku, duk zan turo su a auna.

Abu Nawwaf, Jidda:
Ni O ne a katina. Wancan na AA ɗin ban taɓa aunawa ba. Har yanzu dai aikin kan nan bai kwanta mini ba, na faɗa. Amma Lahadi ina da fasinja zuwa Makka da safe. Ummu Rayyan, ki ce wa maigidan ya turo mini sunan wurin ta akwati. A can ake awon, ko sai na yi shi a nan Jidda tukuna?